Cikin da Lami Ta Ɓoye Har Arlit

Kada wanda ya tambaye ni yadda muka fito daga Funtua. An yi kuka, an yi addu'a, mota ta tashi, shi ke nan. Abin da nake son faɗa a hanya ya faru.

Mu biyu ne, ni Hindatu da Lami matar yayana Sabi'u. Asalinmu wani ƙauye ne a bayan Dandume. Da 'yan bindiga suka hana mu zuwa gona, muka kwaso 'yan komatsanmu muka tare a gidan wani kawunmu a Funtua. Yaya ya ga zama ba zai ciyar da mu ba, ya tsallaka Aljeriya yana aikin gini a Tamanraset, garin da masu zuwa suke yanke wa suna su ce Taman. Ya zo ƙaramar Sallah, ya yi 'yan makonni ya koma. Da damina ta fara ja da baya ya aiko a kai masa matarsa, ya sami ɗaki. Ni kuwa na gama sakandare ina zaune ina tsinkar zogale, na ce wallahi da ni za a, ko wanke-wanke ne in yi a gidan Larabawa.

Lami tana da ciki. Na faɗa tun a nan saboda a gidanmu ba wanda ya taɓa faɗa. Shekara takwas da aurensu. Sau ɗaya ta taɓa samu, murna ta sa ta gaya wa wata maƙwabciya, bai je ko'ina ba ya zube. Tun daga nan ta ɗora laifin a kan bakin mutane. Wannan karon ta kulle bakinta, ta ƙara wa hijabinta tsawo. Ba ta je awo ba, don a wurinta zuwa awo shela ce. Inna ta gane, ai tsohuwa ce. Amma Yaya ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta kamawa, "wancan" take ce masa, balle ta buɗe baki a kan cikin matarsa. Shi kansa mai cikin bai sani ba. An ƙwace wayarsa a wani samame, sai ta wayar abokin aikinsa yake kiranmu, a buɗe murya duk tsakar gida ana ji. A haka gida guda ya saka mace mai cikin wata shida a motar hamada, kowa yana kallon ƙasa.

A tashar Maraɗi na tsare ta.

"Matarmu, wai sai yaushe za ki gaya masa?"

"In gaya masa me, mijina?" Haka muke wasa da ita tun ranar da aka kawo ta, ni ce miji tunda ƙanwar miji ce.

"Abin da ya sa zaninki ya daina zagayowa."

Ta toshe mini baki da tafin hannunta, tana dariya tana waige-waige. "Ke dai bakinki ba ya da ƙofa. Bari ya gani da idonsa. So nake in ga fuskarsa."

A rumfar da mata ke jiran mota ne wata Hajiya mai haƙorin Makka ta kunna wani saƙon murya a wayarta, ta ɗaga sama don kowa ya amfana. Muryar namiji ce, ya yi doguwar sallama, ya ce a tura wa duk mace mai ƙaunar 'ya'yanta. Wai manyan Turawa da kansu sun tona asiri, duk mai cikin da ta sha farasitamol za ta haifi yaron da ba ya magana, ba ya haɗa ido da mutane, ba ya sanin uwarsa. Mata suka ɗauki salati.

Na ce, "Shi wannan mai maganar wane ne? Likita ne ko mai cajin waya?"

Hajiya ta dube ni sama da ƙasa. "Ke 'yar Najeriya, ba a koya miki kunya ba?"

"An koya mini, Hajiya. Tambaya na yi."

Ta sake kunna saƙon. Lami ta kasa kunne har ya ƙare. Da muka je alwala na ga katin farasitamol ɗin da na saya mana a Funtua yana yawo a cikin kwata. Na yi faɗa, ta ce faɗuwa ya yi.

Daga Tawa hanya ta lalace. Motar ta cika har kan buhuna, ƙafafunmu a kan wani injin niƙa da aka ɗaure a tsakiya. Duk ramin da muka faɗa sai na ga Lami ta cije leɓe ta dafe ƙugu. Kore ya yi ta raguwa a taga har ya ƙare. A gida lokacin ana karyar masara, ko'ina ƙamshin gashi, dawa ta fi mutum tsawo. Nan kuwa sai ƙaya da raƙuma.

A Abalak aka tsaya cin abinci. Wani mai tallan magani ya zo da faranti a ka, ya jera kati-kati sun yi tsiri kamar hasumiya. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san haɗi. Manomi ya dawo daga huɗa jiki ya yi tsami, sai ya aika kemis a haɗo masa na gajiya: farar ƙwaya ɗaya, mai ruwan hoda ɗaya, kafso, da wata 'yar mitsitsiya, a ƙulle a leda. Ba mai tambayar sunansu, da launi ake saninsu. Baban Lami duk damina da shi yake noma. Saboda haka ita a ganinta haɗi ba ya cikin maganin Turawa da ake tsoro. Abin gida ne, kamar kunun kanwa.

"Malam, haɗin ciwon baya," in ji ta. "Amma ban da farasitamol."

"Hajiya, wa ke ta farasitamol? Wannan ai na yara ne. Ga manya nan."

Ya fara ɓallo ƙwayoyi yana tarawa a hannu. Direbanmu da wasu maza suna zaune gefe suna shan shayi. Na ce, da ƙarfi yadda zai ji, "Tana da ciki. Mai ciki tana shan wannan?"

Mazan suka juyo. Wani ya ajiye kofinsa. Mai maganin ya kalli hijabinta ya ce, "Gaskiya ne, Hajiya?"

"Ƙarya take yi," in ji Lami, idonta a ƙasa. "Yarinya ce, ba ta da hankali."

Ya ɗaga kafaɗa. "To ai ita ce mai jikin."

Na ja hannunta muka bar wurin ba ta saya ba. A bayan mota ta fizge hannunta, hawaye na zuba. "Kin tona ni a gaban maza, Hindatu." Ranar ta fara kiran sunana. Har muka shiga Agadas ba ta ƙara yi mini magana ba. Ban ba ta haƙuri ba, kuma har yau ban ga abin ba da haƙuri ba. Abin da ban sani ba shi ne, lokacin da nake salla ta koma wurin mutumin ita kaɗai, ya cika mata leda.

A Agadas wani dillalin masu tsallaka hamada ya karɓe mu daga tasha, ya kai mu wani gida mai doguwar katangar ƙasa, cike da mata daga ƙasashen da ban taɓa jin yarensu ba. Ya karɓi kuɗin motarmu har iyaka, ya ce gobe. Gobe ta yi ya ce jibi. Ya sayar mana da jarkokin ruwa, ɗaya tana yoyo ta ƙasa, na bi shi har bakin ƙofa ina zaginsa, ya ce in na ƙara zai kira mana jandarma su kama mu. Ba a barinmu fita sai da dalili. Abinci taliya ce da manja, safe da yamma. Na yi kewar tuwon masara miyar kuka har na ji haushin kaina, ni da nake raina shi a gida.

A gidan muka haɗu da Ngozi. Ina cikin masifa a kan jarkar nan na ji an ce daga bayana, "Wannan bakin na Funtua ne, ko a kasuwar Makka na ji shi zan gane." Na juya na ga wata doguwa da wando da kitson roba. Iyayenta Inyamurai ne, amma a Funtua aka haife ta, Hausarta ta fi tawa. Babanta yana da kemis a bakin kasuwa kafin ya rasu, a bayan kantarsa ta girma. Ita ba Taman za ta tsaya ba, teku take nufi, ta tsallaka Turai. Ta matso da tabarmarta kusa da tamu, ta riƙa ce mini 'yar gida. Muka yi ta lissafa masu ƙosai da masu awara na garinmu kamar wasu dangi da suka mutu.

Zazzaɓin ya fara wa Lami da ciwon kai. Daga nan sanyi, da rana tsaka, ta lulluɓa da zanina da nata haƙoranta na haɗuwa. Sai in ga ta juya baya ta jefa wani abu a baki, an jima gumi ya karyo, ta tashi zaune ta ce ta ji sauƙi. Da yamma ya dawo ya fi na da. Na zazzage jakarta na sami ledar.

Ngozi ta kwance ƙulli ɗaya ta baza a tafin hannunta, ta riƙa turawa da farce.

"Wannan ibufurofen ne. Wannan dikulofenak. Wannan 'yar rawayar ni ma ban san ta ba." Ta ɗago ta kalli Lami. "Anti, tun yaushe kike sha?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Babana in mace ta shigo shago, cikinta yake fara kallo kafin hannunta. Waɗannan biyun ba ya ba mai ciki ko za ta yi birgima a ƙasa, balle in cikin ya fara tsufa. Farasitamol yake ba ta, ya kora ta asibiti a duba jininta. Ina da shi a jaka. Ki sha biyu jikin ya sauka, gobe mu nemi asibiti."

"Ba zan sha ba," in ji Lami.

Na ce, "Saboda wani ƙato da ko fuskarsa ba ki gani ba ya yi surutu a waya?"

"Na ji da kunnena. Cewa ya yi Turawan da suka yi maganin su suka faɗa."

"Wannan da kike haɗiya babanki ne ya yi shi a gona?"

Ngozi ta taka mini ƙafa. Lami ta yunƙura ta zauna, leɓɓanta sun bushe sun tsage. A hankali ta yi maganar, ba ta kalli kowa ba.

"Ke yarinya ce, Hindatu. Shekara takwas ina zuwa sunan 'ya'yan wasu ina wanke tukwane. In haifi nawa, in kira shi ya ƙi waiwayowa? Ya girma bai taɓa ce mini Inna ba? Zazzaɓi ai na saba da shi. Zan daure."

Na zubar da haɗin a masai, ashe ta raba shi biyu, rabi yana ƙulle a bakin zaninta. Na murƙushe farasitamol a cikin kunu, ta kurɓa ta ji ɗaci ta tofar. Daga ranar ko ruwa ba ta karɓa daga hannuna, sai daga na Ngozi.

Da ƙyar Ngozi ta lallashe ta ta yarda za a je asibiti da safe, bisa sharaɗin mace ce za ta duba ta. Safiyar ce kuma dillali ya shigo yana tafa hannu, mota ta samu, wadda ba ta hau yanzu ba ta yi asarar kuɗinta. Na ce ba inda za mu. Lami ta riga ta haɗiyi ƙullinta tun asuba, gumi ya karyo, idonta ya washe. Ta miƙe ta ɗaura jakarta.

"Kin gani? Na warke. Yayanki yana can yana jira."

Abin da haɗi yake yi ke nan. Yana kwantar da zafin na ɗan lokaci, ciwon yana ciki yana cin mutum. Ta riga ni hawa motar. Me zan yi, in bar ta ta tafi ita kaɗai?

Hanyar Arlit, babban gari na ƙarshe kafin iyakar Aljeriya, ba na son tuna ta. A bayan buɗaɗɗiyar mota aka jera mu, ƙafafu a waje, kowa ya riƙe sanda da aka kafa tsakanin cinyoyinsa. Rana tana dukan kai kamar da taɓarya, amma Lami rawar sanyi take. Ta yi amai har ba abin da ke fitowa. Na yi ta dukan rufin mota da tafin hannu sai da direban ya tsaya. Buzu ne, ba ya jin Hausa sosai. Ya sauko da niyyar faɗa, ya ga fuskarta, ya fasa. Ya saukar da wani ɗan kasuwa daga gidan gaba, mutumin yana ta ƙorafi, ya sa mu a wurin. Ya warware rawaninsa ya jiƙa da ruwan shansa ya miƙo mini, ya nuna goshinta. Ban san sunansa ba. Allah ya saka masa.

Kanta yana kan kafaɗata, zafin jikinta yana ratsa rigata. Can ta kama hannuna ta kai ƙarƙashin hijabinta, ta ɗora a kan cikin. Ban taɓa taɓa shi ba sai ranar.

"Mijina," in ji ta, "baƙon nan ya yi shiru tun jiya."

Na ce barci yake, zafi ne ya dame shi. Na bar hannuna a wurin har muka shiga gari. Ba abin da ya motsa.

Direban bai kai mu gidan dillalai ba, kai tsaye ya wuce da mu wani ƙaramin asibiti. Ngozi, da ma mota ɗaya muka hau, ta diro ta biyo mu da jakunkuna. Ungozomar da ta karɓe mu wata Bahaushiya ce 'yar Damagaram, mai gajeren haƙuri irina. Tana ɗaga hijabin ta ce, "Wata nawa?" Lami ta kau da kai. Na ce shida, ya kusa bakwai. Ta ce ina katin awo, na ce babu. Ta yi tsaki. Aka ɗebi jini a yatsa, ba a daɗe ba aka ce cutar cizon sauro ce, ta yi yawa, wataƙila tun daga gida ta taho da ita. Aka ɗaura mata ruwa, aka yi mata allura. Sannan ungozomar ta shafa wani abu a cikin, ta ɗora na'ura, ta yi ta yawo da ita. Ta koma gefe, ta dawo. Ta daɗe. Ni ina kallon fuskarta, ita tana kallon allon.

Ta kashe na'urar ta ce, "Me ta sha?"

Ngozi ta kwance bakin zanin Lami ta miƙa mata ragowar. Na ba ta labarin saƙon muryar, da katin da aka jefa a kwata. Ta zauna a bakin gadon, ta kama hannun Lami.

"'Yar'uwa, sai haƙuri. Zuciyarsa ta tsaya."

Lami ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ban sha ba fa. Wallahi ko ɗaya ban sha ba."

"Na sani."

A waje na tare matar, na ce ta gaya mini gaskiya, me ya kashe shi. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, ba ta san wanne ba ne. Cutar sauro kaɗai tana kashe ɗa a ciki. Masassara mai zafi da aka bari kwana da kwanaki ita ma tana yi. Ƙwayoyin nan kuma, in ciki ya wuce rabi, suna iya taɓa ƙodar yaro su ƙafar da ruwan da yake kwance a ciki, kuma ruwan da ta gani kaɗan ne. Ta ce mai yiwuwa taruwa suka yi masa.

Na ce, "Farasitamol ɗin fa? Maganar mutumin nan?"

"Kullum sai an zo mini da muryar nan. Ni dai abin da aka koya mana bai canja ba, kuma shi likitoci suke ba masu ciki har gobe. In mai ciki tana ciwo ko masassara, shi ne na farko. A sha daidai yadda aka ce, kada a wuce, kada a mai da shi abinci. Kuma ba ya kashe cutar sauro, sauke zafi kawai yake, dole a zo a duba jini. Da ta sha shi ta zo mana tun a Agadas..." Ba ta ƙarasa ba. Ta ce in je in nemo ruwan zafi.

Sai da aka sa mata maganin naƙuda. Ta sha wahalar da duk mai haihuwa take sha, ta haifi abin da ba zai yi kuka ba. Ni na karɓe shi. Namiji ne, bai fi tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsu ba, komai nasa ya fito, har farce. Ba mu da farin ƙyalle. Ngozi ta buɗe jakarta ta ciro wani farin ɗankwali sabo, wanda ta ce ta ajiye ne don ranar da za ta fara shiga coci a can ƙetaren teku. Da shi aka naɗe shi. Mai gadin asibitin ya kira wasu mutum biyu daga masallaci, suka tafi da shi. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, saboda haka ban san inda yake ba. Wani wuri ne a cikin yashin Arlit.

Da na koma ɗaki Lami ta ce, "Mene ne?"

"Namiji."

"Da wa ya yi kama?"

"Kunnuwan Yaya ne, masu fitowa waje."

Ta ɗan yi murmushi. Jikinta har lokacin da zafi. Ungozoma ta shigo da ƙwaya biyu farare da kofin ruwa, ta tsaya tana shirin lallashi. Lami ta miƙa hannu da kanta ta karɓa.

"Kawo, Malama. Yanzu ai ba wanda zai cutar."

A nan ne ni na fita na yi kukana a bayan tankin ruwa.

Motar su Ngozi ba ta jira. Ta rungume ni ta ce, "'Yar gida, in kin koma ki ci mini awara a bakin tasha, da yaji da yawa." Ta bar mana sauran farasitamol ɗinta da jarkarta mai kyau. Lambar da ta ba ni ba ta taɓa shiga ba. Ban sani ba ko ta ga tekun.

Na kira abokin aikin Yaya. Irin wannan labari ba a ba baƙo ya kai, don haka cewa kawai na yi matar Sabi'u ba ta da lafiya, muna asibiti a Arlit, ya zo.

Yanzu muna Taman. Ina aiki a gidan wasu mutane, ina goge tayil ina renon 'ya'yansu. Lami ta warke, tana dafa wa leburori abinci, ba ta cika magana ba, kuma ba ta ƙara ce mini mijina ba. Da na gaya wa Inna a waya, sai ta ce, "Allah ya ba wancan haƙuri." Ko a nan ba ta iya kama sunansa ba. Kwanan baya wata 'yar kawunmu ta turo mini saƙon muryar nan, shi dai, da sallamarsa da komai, ta rubuta a ƙasa wai in tura wa masu ciki don Allah. Na kira ta na wanke ta tas, har ta kashe waya. Duk macen da na gani a unguwar 'yan ƙasarmu tana tsawaita hijabi tana dafe ƙugu, zuwa nake in tambaye ta wata nawa, ta je awo ko ba ta je ba, me take sha. Suna cewa ba ni da kunya. Su faɗa.

Amma zuwan Yaya nake son in ƙare da shi, don shi ne ba ya barina.

Ya ɗauki kwanaki kafin ya sami hanyar saukowa. Kafin nan an sallame mu, matar mai gadin ta ba mu aron wani ɗaki a gidansu. Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne nono ba ya sanin an mutu. Ya kawo, ya cika, yana zuba. Muna ɗaure mata ƙirji da zani yana ratsowa. Abin da ta ɓoye wata da watanni, ga shi a gaban rigarta kowa yana gani.

Da hantsi ya yi sallama. Ya rame, ƙura har gira, da leda a hannu, dabino da wata atamfa da ya saya mata. Lami tana zaune a kan tabarma, ba ta sami damar jawo hijabi ba. Ya ce, "Sannu, me ya same ki haka?" Sai idonsa ya sauka a kan rigar.

Na ga lokacin da ya gane. Na ga leɓɓansa suna motsi, yana lissafi daga Sallah. Sai fuskarsa ta buɗe. Rabon da in ga Yaya ya yi irin wannan fara'ar tun muna ƙauye, tun kafin a kore mu daga gona. Ya saki ledar, dabino ya watse. Ya duba bayanta, ya duba kan katifa, ya ɗaga zanin da ke ninke a gefe a hankali da yatsu biyu.

"Bakwaini ne? Hindatu, shi ne kika aiko mini wai ciwo? Ina yake?"

Na ce, "Yaya, namiji ne. Bai zo da rai ba. An binne shi."

Ya tsaya da zanin a hannu. Fara'ar ba ta tafi lokaci ɗaya ba, a hankali ta riƙa sauka, kamar ba ta ji abin da na ce ba. Sannan ya zauna a ƙasa, a kan dabinon.

Lami tana kallonsa tun shigowarsa, ko ƙiftawa ba ta yi. Ta ce, "Da ma so nake in ga fuskarka in ka sani."

Ta juya ta fuskanci bango.

"Na gani."